Shekarar da tumaki suka yi ɓari a Azawak

Ranar 2 ga Agusta 2016 ce takardun likita suka riƙe a matsayin ranar da mutum na farko ya kwanta. A gundumar Cintabaradan ne, arewacin jihar Tawa, cikin ƙasar makiyaya da ake kira Azawak, inda Abzinawa da Fulani da Larabawa ke bin ruwa da ciyawa tun kaka da kakanni. Zazzaɓi ne mai zafi, da ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi. A tsakiyar damina, duk ma'aikacin lafiyar da aka kawo wa mai waɗannan alamu, zazzaɓin cizon sauro zai fara kawowa a ransa, kuma da gaskiyarsa, domin shi ne ke cika gadajen asibitin Nijar a wannan wata kowace shekara. Sai dai wasu daga cikin marasa lafiyar nan ciwonsu ya wuce inda aka saba. Ido ya yi ruwan ɗorawa irin na mai shawara, haɓo ya ƙi tsayawa, wasu suka yi ta aman jini, cikin 'yan kwanaki a ce rai ya yi halinsa.

A daidai wannan lokaci garke ma ba lafiya. Makiyayi ya san ɓari. Tunkiya ɗaya ko biyu kan zubar da ciki saboda yunwa, ko doguwar tafiya, ko tunkuyi, a yi haƙuri a ci gaba da kiwo. Na daminar 2016 daban ne. Tumaki da awaki da shanu suka riƙa zubar da ciki bi da bi, ƙananan da aka haifa da rai ba su daɗe ba suka mutu, manya ma suka soma faɗuwa. Masu kiwo suna ganin wannan da idonsu, ma'aikatan asibiti suna ganin nasu a kan gado, kuma an ɗauki makonni kafin wani ya haɗa labarin biyu ya gane labari ɗaya ne.

Wanda ya san yankin ba zai yi mamakin jinkirin ba. Daga wasu zangunan na wajen Tasara, kusa da iyakar Mali, isa ɗakin shan magani tafiya ce ta wuni ko fiye, a kan raƙumi ko jaki ko babur, bisa yashi da taɓo. Zangon da yake nan yau, jibi ya tashi ya bi inda hadari ya zuba. Sai ranar 30 ga Agusta, mako huɗu cif bayan mara lafiya na farko, Hukumar Lafiya ta Duniya ta samu labarin cewa mutane na mutuwa ba a san dalili ba a arewa maso yammacin Nijar, dabbobi kuma na ɓari suna mutuwa. Ayarin masu bincike ya shiga daji, aka ɗebi jinin mutane da na dabbobi, aka aika cibiyar Pasteur da ke Dakar. Ranar 16 ga Satumba amsa ta dawo. Cikin jinin mutum 13 da aka gwada, 6 na ɗauke da cutar. Cikin na dabbobi 6, an same ta a 3. Zazzaɓin Kwarin Rift ne, kuma wannan ne karo na farko da aka tabbatar da annobarsa a tsakanin mutane a Nijar. Kwana 45 cutar ta yi tana aiki ba a san sunanta ba.

Cikin waɗannan kwanaki 45 aka yi Sallar Layya. A wannan shekara ta faɗo ne kwanaki kaɗan kafin sakamakon Dakar ya iso.

Nan ne labarin ya shafi Arlit, duk da nisan da ke tsakani. Arlit gari ne da ba ya kiwon abin da yake ci. Babu kogi ko dausayin da ya jawo mutane wurin. Yuraniyom ne ya kafa shi a ƙarshen shekarun 1960, kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da ma'adini a 1971, COMINAK ta biyo baya a Akokan a 1978. Dubun dubatar mutane suka taru a tsakiyar hamada, Hausawa da Zabarmawa da Barebari da Abzinawa, da albashi a hannu, da iyali masu buƙatar nama da nono. Ragon layyar ma'aikacin ma'adini, da naman da mahauci ke rataya a kasuwa, da tsiren dare, da cukun da ake shan shayi da shi, daga hannun makiyaya suke fitowa: na kwarurrukan Abzin, na filayen Talak da Tamesna, na Irhazer, na Azawak. Kwaltar da aka shimfiɗa don jigilar yuraniyom, wadda ta taso daga Tawa ta ratsa Abalak ta bi ta Agadas ta ƙare a Arlit, ita ce kuma hanyar motocin dabbobi. Wasu dabbobin ma ba sa tsayawa a garin, sukan zarce Asamaka su tsallaka Aljeriya, a dawo da dabino da kayan masarufi. Ragon da ya sha ruwa a tafkin Azawak farkon mako yana iya kasancewa ɗaure a ƙofar gida a Akokan kafin Juma'a.

Cutar ba baƙuwa ba ce ga likitocin dabbobi. A 1930 aka fara gane ta, a wata gonar tumaki da ke bakin tafkin Naivasha a Kenya, cikin babban kwarin da ya ba ta suna. Dubban 'yan tumaki suka mutu cikin makonni, iyayensu suka yi ta ɓari, makiyayan gonar da masu binciken kansu suka kwanta da zazzaɓi. Daubney da Hudson da Garnham suka wallafa bayaninta a 1931. Shekaru da dama ana ɗaukarta ciwon dabbobi ne da kan ɗan taɓa mutum ya sake shi. Masar ce ta gyara wannan tunani a 1977, lokacin da annobar ta kashe kusan mutum 600 a kwarin Nilu, aka kuma ƙiyasta waɗanda suka kamu sun kai 200,000. Bayan shekara goma ta bayyana a Afirka ta Yamma, a Rosso ta Muritaniya, jim kaɗan bayan an datse kogin Sanagal da madatsar Diama ruwa ya kwanta a fadamu. Sama da mutum 200 suka rasu a wannan karon na 1987.

Ruwan da ya kwanta shi ne mabuɗin al'amarin. Akwai wani nau'in sauro, Aedes, da ba ya zuba ƙwansa a cikin ruwa, sai a danshin ƙasar da ke bakin tafki. Tafki ya ƙafe, ƙasa ta tsattsage, rani ya yi yadda ya ga dama, ƙwan yana nan da ransa, kamar irin ciyawa da ke jiran damina. Masana sun nuna cewa uwar sauro mai ɗauke da ƙwayar cutar tana iya gadar da ita ga ƙwanta. Idan aka samu shekarar da ruwa ya wuce misali, tafki ya cika ya haura inda ya saba tsayawa, sai ƙwan da suka daɗe a kwance su ƙyanƙyashe gaba ɗaya. Sauron farko ya ciji tumakin da suka zo shan ruwa. A jinin tunkiya ƙwayar cutar ke hayayyafa fiye da kima. Daga nan sai sauran sauraye, musamman Culex da ke son tsayayyen ruwa, su ɗauka daga wannan dabba su kai wa waccan, daga wannan garke zuwa na gaba. Tumaki ne suka fi jin jiki. Cikin sababbin haihuwa, tara daga goma kan mutu, tumaki masu ciki kuwa kusan dukansu kan yi ɓari. A watan Yunin 2016, tun damina ba ta kankama ba, an tafka ruwa a Ingal ta jihar Agadas da yankin Cintabaradan har ambaliya ta ci rayukan mutane ta tafi da dubban dabbobi. Irin wannan ruwa ƙwan ke jira.

Sauro yana iya kai cutar ga mutum kai tsaye, amma mafi yawan waɗanda ke kamuwa ba ta nan suke samunta ba. Ta hannu suke samu. Wanda ya zura hannu ya janye mataccen ɗan tayi, wanda ya ɗauke mabiyiya ya jefar, wanda ya yanka, wanda ya feɗe, wadda ta zauna wanke kayan ciki, duk sun taɓa jini da ruwan jiki masu cike da ƙwayar cuta. Ɗan yankan wuƙa a yatsa ya isa ƙofa, haka ma feshin jinin da mutum ya shaƙa yana sunkuye a kan dabba. Akwai kuma alamun cewa ɗanyar madarar da ba a tafasa ba tana iya kawo ta, kuma a zangon makiyaya madara daga hantsa take wucewa zuwa baki. Bayan kwana biyu zuwa shida zazzaɓi ya taso. Rahoton farko na 2016 ya nuna mafi yawan waɗanda suka kwanta maza ne, makiyaya da manoma.

Akwai wata al'ada da ta cancanci a tsaya a kanta, domin a nan cutar ta fi samun mutane, kuma al'ada ce da ba ta da aibu a idon kowa. Musulmi ba ya cin mushe. Makiyayin da ya ga tunkiyarsa ta kwanta tana numfashi sama-sama, abin da zai ce wa ɗansa bai wuce "Kai, maza kawo wuƙa" ba. Idan ya riga mutuwa, ya tsira da nama da fata, iyali su ci, maƙwabta su samu, a yanyana saura a shanya. Idan mutuwa ta riga shi, ya yi asarar duka. Babu wauta ko ganganci a cikin wannan lissafi. Garke shi ne gonarsa da rumbunsa da sadakin 'ya'yansa. Matsalar ita ce, a daidai sa'ar da dabba ke gab da faɗuwa, a lokacin ne jininta ya fi cika da ƙwayar cuta. Mutumin da ke ƙoƙarin tsare halal da tsare dukiyarsa, shi ne ke tsoma hannu cikin mafi munin haɗari. Da aka gane cutar, hukumomi sun yi ta kira da a daina yanka dabba mara lafiya, a daina taɓa ɓari da hannu, a tafasa madara. Kira ne na gaskiya. Amma ni a ganina, gaya wa talaka ya binne tunkiyar da zai iya ci, ba tare da an tanadi abin da za a rage masa asara da shi ba, ɗora masa nauyin tsare lafiyar ƙasa ne shi kaɗai.

Layya kuwa ta mayar da kowane gida mayanka. A sauran kwanakin shekara mahauta ne ke taɓa jini, su da yaransu, kuma aƙalla a mayankar gari akwai ma'aikacin kiwo da ke duba nama. Ranar Sallah maigida ne ke yanka, samari su danne ƙafafu, a feɗe a tsakar gida, mata su karɓi hanji da tumbi, yara su yi ta kai da kawowa cikin jini. Naman da aka banƙare a kan sanduna aka jera kewaye da wuta tun hantsi har dare, yadda ake yi a garuruwan Nijar, ba shi ne abin tsoro ba, don wuta na kashe ƙwayar cutar. Abin tsoron yana cikin sa'ar farko, tsakanin wuƙa da wuta. A layyar 2016 an yi wannan sa'a a gidaje marasa adadi, daga Tawa har Arlit, da raguna da yawa da suka fito daga ƙasar kiwo, alhali jinin da zai faɗi sunan cutar yana ɗakin bincike a Dakar.

Mako ɗaya bayan sakamakon, wani taron ya iso da ya fi layya tayar wa likitoci hankali. Kowace shekara, idan damina ta zo ƙarshe, makiyaya kan hau arewa zuwa filayen Irhazer da ke kewaye da Ingal, a jihar Agadas, inda ƙasa da ruwa suke da gishiri. Dabbobi su lasa su sha su murmure kafin rani, mutane kuma su gana, a ɗaura aure, a sasanta rigima, Abzinawa su yi sukuwar raƙuma, samarin Wodaɓe su yi kwalliya su jera rawa. Gwamnati ta mayar da shi biki na ƙasa, Cure Salée, wanda a 2016 aka sa ranakun 23 zuwa 25 ga Satumba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana sa ran shanu kusan miliyan 2, da tumaki da awaki da suka fi haka yawa, daga Nijar da maƙwabtanta. Arewa da Ingal ɗin nan ne Tegidan Tesum take, garin masu dafa gishiri, kuma a gefenta mahaƙar yuraniyom ta Azelik, wadda a lokacin ta riga ta dakatar da aiki. Wato ƙasar ma'adini da ƙasar kiwo a nan ƙasa ɗaya ce.

An yi bikin. Ko da an soke jawabai da raye-raye, ba a soke ƙishirwar gishiri a jikin saniya, kuma garkunan sun kama hanya tun makonni kafin kowa ya ji sunan cutar. Fargabar ita ce abin da zai biyo bayan watsewa: garken da ya sha tafki ɗaya da garke mai cuta zai gangara kudu zuwa Tawa da Dakoro da Maraɗi, ya shiga kasuwannin kan iyaka irin su Illela da Maigatari, wani ya yi yamma zuwa Mali, wani ya hau Abzin.

A Cintabaradan, ƙungiyar agaji ta ALIMA da takwararta ta 'yan ƙasa, BEFEN, suka buɗe wurin jinya kyauta tare da ma'aikatan lafiya na gwamnati. Babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar. Abin da likita ke iya yi shi ne ya riƙe mara lafiya da ƙarin ruwa da ƙarin jini, ya kula da hanta da ƙoda, har jiki ya yi nasa yaƙin. Abu ɗaya ya zo da sauƙi. A lokacin Afirka ta Yamma ba ta daɗe da fita daga annobar Ebola ba, kuma duk wanda ya ji an ce zazzaɓi mai zubar da jini, can hankalinsa ke tafiya. Wannan kuwa ba a taɓa tabbatar da cewa yana tsallakawa daga mutum zuwa mutum ba. Uwa tana iya jinyar ɗanta, a yi wa mamaci sutura yadda addini ya tanada.

Zuwa 22 ga Satumba an lissafa mutum 64 da suka kamu, 28 sun rasu. Kusan rabi ke nan, adadin da ke sa gaba ya faɗi. Amma yana da fassara. A yadda aka san cutar, mafi yawan masu kamuwa zazzaɓin kwana huɗu zuwa bakwai suke yi su miƙe, wasu ma ba sa sanin sun kamu, kuma idan aka haɗa kowa da kowa waɗanda ke mutuwa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Ƙalilan ne ciwon ke kai wa ga hanta har jini ya ɓalle, kuma cikin waɗannan ne rabi ke rasuwa. Saboda haka mutum 64 ɗin nan su ne waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu har aka ɗauko su daga daji. A bayansu akwai jama'a masu yawa da suka yi zazzaɓinsu a cikin tanti, suka sha jiƙo, suka tashi suka bi garke. Da aka baza masu sa ido aka fara kawo masu ƙaramin ciwo, lissafi ya sauya: zuwa Nuwamba waɗanda ake zargi sun kai 266, mamata 32, akasari daga Cintabaradan da Tasara da Abalak. A ƙarshe aka tsaya a kan rasuwar mutum 33. Waɗanda gwajin jini ya tabbatar kuwa 17 ne kawai, kamar yadda masu binciken cibiyar CERMES ta Yamai suka wallafa daga baya. Wasu daga cikin waɗanda aka zarga wani ciwon ne ya kwantar da su. Wanda kuma ya rasu a zango, ba a jinkirta jana'izarsa don jiran mai ɗibar jini.

Akwai waɗanda irin wannan lissafi ba ya kamawa. Mako ɗaya zuwa uku bayan zazzaɓi ya fara, mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari kan fara gani dishi-dishi, saboda cutar ta taɓa bayan ido. Wasu kan warke cikin watanni, wasu ganin ya tafi ke nan. Wasu ƙalilan kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa, su ruɗe, su riƙa mantuwa ko farfaɗiya. Makiyayin da ganinsa ya ragu wata guda bayan ya warke, da wuya shi ko danginsa su danganta abin da tunkiyar da ya feɗe.

Da sanyi ya shigo tafkuna suka janye, sauro ya ragu, annobar ta lafa. Mutumin Arlit yana iya cewa abin na mutanen Tawa ne, mu nan ina ruwan da sauro zai samu. Abubuwa biyu sun hana ni yarda da wannan magana.

Na farko tsohon jini ne. Tsakanin 1984 da 1988 an ɗebi jinin dabbobi sama da dubu biyu a sassan Nijar aka adana. Da aka gwada shi, a wani bincike da ya fito a 1995, aka tarar da shaidar cewa cutar ta taɓa ratsa wasunsu, kuma a cikin wani rukunin raƙuma kusan rabi na ɗauke da wannan shaida. Ashe ta yi shekara talatin tana zagaya garkunan ƙasar kafin ta kashe mutanen da za a ƙirga.

Na biyu Muritaniya ce. A ƙarshen 2010 aka yi ruwan da tsofaffi ba su saba gani ba a yankin Adrar, wajen Atar, ƙasar duwatsu da dabino da raƙuma wadda duk wanda ya san Abzin zai ga kamanninta. Kwazazzabai suka cika, tafkuna suka kwanta a inda ba a san su ba, ciyawa ta fito, makiyaya suka kwararo da dabbobi daga kudu. Cikin makonni raƙuma suka fara mutuwa, taguwoyi suna ɓari. Mutum 63 aka lissafa sun kamu, 13 suka rasu, a tsakiyar Sahara inda ba wanda ya taɓa tsammanin cutar sauro irin wannan. Jihar Agadas ma ta san irin wannan ruwa. A farkon Satumban 2009 koramar Telwa ta ɓalle ta rushe unguwanni a birnin Agadas, a 2024 kuma ruwa ya sake yi wa tsohon garin ɓarna. Duk shekarar da korama ta yi irin wannan cika a Abzin, tana barin ruwa kwance a baya, makiyaya kuma na biyo ciyawa.

A Arlit, idan ana zancen ciwo, zancen ma'adini ake yi, kuma da dalili. Almustafa Alhasan da ƙungiyarsa ta Aghirin'man sun shafe shekaru suna neman a binciki ƙura da ruwa da tarkacen ƙarfen da ke fita daga kamfani ya shiga kasuwa. Masu awo na CRIIRAD sun zo daga Faransa a 2003, Greenpeace ta zo a 2009, kuma tun da COMINAK ta rufe a ƙarshen Maris 2021 tambayar tulin sharar da ta bari ba ta kwanta ba. Gwagwarmaya ce ta gaskiya, ba na so a rage mata ko ƙwayar zarra. Abin da nake so a ƙara shi ne tambaya ɗaya a bakin mai duba mara lafiya. Idan aka kawo mahauci ko dillalin dabbobi ko mai aikin fata da zazzaɓi da jan ido a watan Satumba, za a gwada shi zazzaɓin sauro, a tambaye shi ruwan da yake sha, wataƙila a tambaye shi ko ya taɓa aikin rami. Ya kamata a kuma ce masa, "Malam, me ka yanka a makon nan? Daga wace kasuwa dabbar ta fito? Lafiyarta ƙalau?" Sarkin fawa da dillalan kara sukan riga kowane ofis jin cewa garken wane yana zubar da ciki. Labarin da suke yi a kan tabarma da shayi shi ne irin labarin da ya yi mako huɗu bai isa inda ya kamata ba a 2016.

Akwai dalilin da ke sa irin wannan labari ya tsaya a kan tabarma, kuma makiyaya ba su ƙirƙire shi ba. A shekarar 2000 cutar ta tsallaka Bahar Maliya a karon farko, ta bayyana a Jizan ta Saudiyya da kuma Yaman, ta kashe sama da mutum 100 a kowace ƙasa. Saudiyya ta rufe ƙofa ga dabbobin ƙahon Afirka. Somaliya, wadda tumakinta ke cika kasuwar layya a lokacin Hajji ta tashar Berbera, sai a 2009 aka ɗage mata takunkumin. Shekara tara makiyayan da ba su da laifi suna kallon farashin dabbobinsu a ƙasa. An daɗe ana lissafa kiwo a matsayin na biyu bayan yuraniyom cikin abin da Nijar ke sayarwa waje, don haka ba makiyayi kaɗai ke jin nauyin furta sunan cuta ba. Wanda ya san faɗin gaskiya zai rufe masa kasuwa, ba tare da ya samu allura ko diyya ba, zai yi shiru ya kora garkensa gaba, kuma garken da aka kora gaba shi ne ke kai cutar sabon tafki.

Allurar rigakafi ta dabbobi akwai ta tun tuni. Ta Smithburn, wadda aka samar tun wajen 1949, sau ɗaya ake yi, amma tana iya sa mai ciki ɓari. Daga baya aka samu Clone 13 da ta fi ta sauƙi. Sharaɗinsu shi ne a yi kafin annoba. Idan cuta ta riga ta shiga garke, allura ɗaya da aka soka wa wannan aka soka wa waccan tana iya zama ita ce mai yaɗawa. Ga makiyayan Azawak da Irhazer, wannan na nufin a same su a rijiyoyin rani, kafin ruwan farko, kafin su kama hanyar Ingal. Layya ta riga ta gusa daga ƙarshen damina, don kowace shekara tana matsowa da kwana goma sha ɗaya, amma hawan gishiri yana nan a lokacinsa, daidai sa'ad da tafkuna suke cike. Muritaniya ta sake ganin annobar a 2020 da 2022, kowane karo da mamata sama da 20.

Ta mutane kuwa har yanzu babu wadda aka amince a yi wa jama'a. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi nisa ita ce ta jami'ar Oxford, wadda wani likitan dabbobi ɗan Kenya, George Warimwe, ya jagoranci aikinta. An fara gwada ta a kan tumaki da awaki da shanu ta kare su, sannan aka gwada ta a kan mutane a Ingila, da niyyar allura iri ɗaya ta yi wa makiyayi da garkensa. A 2025 aka shiga mataki na biyu na gwajin a Kilifi, gaɓar tekun Kenya, da mutum 240.